Ciwon ƙwaƙwalwa a unguwannin baƙaƙe da 'yan Latino a Amurka: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Aikina tafinta ne tsakanin marasa lafiya da likitoci a New York. Ni ba likita ba ne. Amma tambayoyin nan su ne dai ake ta yi mini a waya, da ƙofar masallaci bayan Juma'a, har a wurin suna. Na tara su wuri guda, duk wanda ya sake tare ni da ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Mu da muka zo daga Kano ko Kumasi ko Damagaram, me ya haɗa mu da matsalar baƙaƙen Amurka?

Fatarka, ɗan'uwa. Ranar da ka shiga asibiti a cikin baƙaƙe za a lissafa ka, ɗan sanda kuma ba ya tambayar garinku. 'Ya'yanka da aka haifa a Bronx, wani yanki na birnin New York, su ne baƙaƙen Amurkan da kake magana. Maƙwabcinka ɗan Puerto Rico ko Meziko kuwa, wato irin waɗanda ake kira 'yan Latino, layi ɗaya kuke bi a asibiti ɗaya.

Wato sun fi turawa kamuwa da ciwon ne?

A'a. Bambancin yana wajen samun magani. A ƙididdigar gwamnatin tarayya ta 2021, sama da rabin turawan da ke da wata larura ta ƙwaƙwalwa sun samu kulawa, amma a cikin baƙaƙe da 'yan Latino ba a kai kashi 40 cikin 100 ba. Waɗanda suka samu ɗin ma da yawa sai da abu ya ɓaci, ta ɗakin gaggawa suka shiga, wasu a motar 'yan sanda.

Ba raunin imani ba ne ke kawo damuwa?

Ba shi ba ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, wa zai ce masa mai raunin imani? A yi addu'a, a yi ruƙiyya, a kuma je asibiti, babu wanda ya hana wani. Wannan maganar ta "ka dage da addu'a kawai" a cocin baƙaƙe ma ana yin ta, a gidajen 'yan Latino ma haka, kuma ko'ina sakamakonta ɗaya ne: jinkiri.

To me ya sa suke gudun likita haka?

Don suna da dalili. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta riƙe baƙaƙen maza kimanin 600 a Tuskegee, jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, tana kallon yadda ciwon ke cin su ba tare da ta ba su magani ba, alhali an samu fenisilin tun a shekarun 1940. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. Kafin nan, a 1851, wani likita mai suna Samuel Cartwright ya rubuta cewa bawan da ya gudu daga ubangidansa tabin hankali gare shi. A Puerto Rico, binciken da aka yi a 1965 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na iyaye mata masu shekarun haihuwa an yi musu aikin tsayar da haihuwa, da yawa ba a yi musu cikakken bayani ba.

Kada ka ce tsohon labari ne. Har yau bincike yana nuna baƙar fata, musamman namiji, ya fi bature yiwuwar a rubuta masa sikizofireniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana binsa, ko da ciwon damuwa mai tsanani ne ke damunsa. Suna ba daidai ba, magani ba daidai ba. Ga ƙarancin namu a aikin: baƙaƙe sun kai kusan kashi 13 na mutanen ƙasar, amma likitocin ƙwaƙwalwa baƙaƙe ba su wuce kusan kashi 2 ba.

Ƙanena ya rikice cikin dare, yana magana shi kaɗai, ya ƙi barci, ya fara fasa kaya. In kira 911, lambar gaggawa ta 'yan sanda da motar asibiti, ko kar in kira?

Wannan ce tambayar da ba ni da gajeriyar amsarta, kuma duk wanda ya ba ka amsa kalma ɗaya bai taɓa tsayawa a irin ɗakin ba.

Tsoronka yana kan hanya. A Oktoban 2016 ɗan sanda ya harbe Deborah Danner, baƙar fata 'yar shekara 66 mai fama da sikizofireniya, a cikin gidanta a Bronx. A Maris na 2020, a Rochester, ɗan'uwan Daniel Prude ne da kansa ya kira neman taimako. 'Yan sanda suka rufe masa kai suka danne shi a kan titi, bayan mako guda ya rasu. Ba zan ce maka hakan ba ta faruwa ba. Amma na ga ɗaya ɓangaren ma: iyalin da suka kulle ƙofa suna jiran gari ya waye saboda tsoron 'yan sanda, kafin asuba wani ya ji ciwo.

Ga yadda nake rarrabe abin, ka auna da naka halin. In babu makami a hannunsa, bai ji wa kowa ciwo ba, bai sha wani abu da yawa ba, fara da 988. Lambar neman agaji ce ta masu rikicewar ƙwaƙwalwa ko tunanin kashe kai, ta ƙasa baki ɗaya, da aka buɗe a Yulin 2022, kyauta, dare da rana. Masu jin Sifaniyanci su danna 2, kai kuma kana iya neman tafinta, sai dai a shirya jira in yarenka ba shi da masu fassara da yawa. Ka tambaye su ko akwai tawagar ma'aikatan lafiya da ke zuwa gida a yankinku. A wasu birane akwai, a wasu babu, inda akwai ɗin ma sukan ɗauki sa'o'i. Kuma ka sani, 988 ba alkawari ba ne cewa ɗan sanda ba zai zo ba. Masu layin sun ce ƙasa da kashi 2 cikin 100 na kiran ne ake haɗawa da jami'an gaggawa, amma in suka ga rai na cikin haɗari za su tura.

In zai yarda ya shiga mota, kuma akwai mutum biyu da za su raka shi, ɗaya na tuƙi ɗaya na zaune kusa da shi a baya, kai shi ɗakin gaggawa da kanku ya fi mini komai. In ba zai yarda ba, kar a ɗaure shi, kar a tursasa shi.

In kuwa akwai wuƙa, ko jini, ko ya haɗiye ƙwayoyi, ko yana bakin taga, to 911 ne, babu shawara. Sai dai akwai yadda ake kira. Kalmar farko ta zama cewa larurar ƙwaƙwalwa ce, ana buƙatar motar asibiti. Ka faɗi sunan ciwon in an sani, da maganin da yake sha. Ka faɗi gaskiya game da makami: in babu, ka ce babu da babbar murya, in akwai, ka ce menene kuma ina yake. Ka nemi jami'in da ya samu horon tunkarar masu irin wannan larura, tsarin da ya faro a Memphis a 1988. Denver ta fara tura ma'aikatan lafiya maimakon 'yan sanda a 2020, New York ta fara nata gwajin a Harlem a 2021, amma mai amsa waya ne ke zaɓar wanda zai zo, kuma in an ambaci makami 'yan sanda ne. Kafin su iso a fitar da yara, a kunna fitilu, a kashe talabijin, a kwashe wuƙaƙen kicin. Mutum ɗaya mai natsuwa, wanda ya fi jin Turanci, ya tare su a ƙofa hannunsa babu komai, ya gaya musu sunan mara lafiyar da abin da ke firgita shi. Gida ya cika da kururuwa shi ne mafi muni.

Duk wannan yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi. Kuma a shirya cewa asibiti na iya riƙe shi ko bai so ba. A California sa'o'i 72 ne a matakin farko, kowace jiha da dokarta. Abin da nake roƙo shi ne kar a bari sai daren. Yau, da rana tsaka, a rubuta sunayen magungunansa da lambar likitansa a takarda a manna a jikin firij, a kuma binciko abin da unguwarku ke da shi.

Yaro ɗan shekara goma me ya sani na damuwa?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano cewa a tsakanin yara 'yan shekara 5 zuwa 12, yawan kashe kai a cikin baƙaƙe ya kusan ninka na turawa. A Disamban 2019 'yan majalisar tarayya baƙaƙe suka fitar da rahoto na musamman a kai. In yaronka ya daina cin abinci, ya daina wasa, ko ya ce da ma ya mutu, ba rashin kunya ba ne, ba kuma tarbiyyar Amurka ba ce. A zauna da shi, a kai shi wurin likitan yara cikin makon.

Ba ni da inshora, takarduna ma ba su cika ba.

Ɗakin gaggawa ba ya da ikon korar ka. Wata dokar tarayya ta 1986 ta wajabta musu duba ka su daidaita ka ko ba ka da ko sisi, takardar kuɗi daga baya za ta zo, ita ma ana neman ragi. Don kulawa ta yau da kullum akwai cibiyoyin lafiya na unguwa da ke karɓar kuɗi gwargwadon samunka. A birnin New York akwai NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019 domin marasa inshora, ba ruwansa da takardun zama. Jihar da kake tana da tasiri ƙwarai: Texas da Florida, inda 'yan Latino da baƙaƙe suke da yawa, ba su faɗaɗa Medicaid ba, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, don haka talaka mai aiki a can yakan rasa inda zai dafa. Batun ko neman taimako zai taɓa maka katin zama kuwa, ƙa'idar takan sauya da sauyin gwamnati, an sauya ta a 2019 an sake a 2022. Lauyan shige da fice za ka tambaya, ba abokin aikinka direban tasi ba.

Maganin ba zai mai da shi soko ba?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Wasu magungunan suna sa barci ko ƙiba, in haka ta faru a koma a faɗa, ana rage su ko a canza. Na ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Kar a yanke su lokaci ɗaya.

'Yata tana jin Turanci sosai, ba sai ta fassara mini ba?

Don Allah a daina. Na taɓa shiga ɗaki na tarar da yarinya da jakar makaranta a baya, likita ya ce ta tambayi mahaifiyarta ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta juya ta ce da Hausa, "Wai kina jin daɗin jikinki?" Uwar ta ce lafiya lau. Asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar miki da tafinta kyauta, tushen wannan yana cikin dokar 'yancin jama'a ta 1964. Ki nema tun ranar da kika kira neman ganin likita.

In tafintan ɗan unguwarmu ne fa? Gobe kowa ya ji.

Doka ta hana asibiti da mu masu fassara fitar da sirrin mara lafiya, wanda ya yi haka kuwa a bakin aikinsa. Duk da haka na san Hausawan birnin nan ba mu da yawa, kusan kowa ya san kowa. In kin shigo kin ga fuskar da kika sani, ko tawa ce, ki ce a ba ki tafinta ta waya daga wata jiha. Haƙƙinki ne, ba sai kin faɗi dalili ba, kuma in kin fi son mace ki faɗa tun kafin a buga wayar.