Me ake nufi da "hira ta musamman"?

A 'yan watannin nan da wuya ka buɗe Facebook ko TikTok a Garwa, nan arewacin Kamaru, ka rufe ba ka ci karo da kalmomin nan uku ba. Mawaƙi ya zo wasan Sallah daga Kano, hira ta musamman. Tela ta buɗe sabon shago a Rumde Ajiya, hira ta musamman. Ɗan siyasa ya tsaya a bakin mota ya yi maganar minti biyu, ita ma haka. Masu shafukan Faransanci sukan manna exclusif da jan rubutu a saman hoto, namu na Hausa kuma su ɗauko "ta musamman" su ajiye a gurbinsa. Ni mai son sauraron hira ne tun ina yaro, tun lokacin da mahaifina ke ɗora rediyo kan tabarma bayan sallar isha'i muna jin mawaƙa da marubuta suna ba da labarin aikinsu. Shi ya sa yadda ake watsa kalmar nan ko'ina yake ci mini rai.

Ita "hira" ba sai an yi dogon bayani ba, kowa ya san ta, wasu ma fira suke cewa. Abin lura kawai shi ne ta bambanta da tattaunawa, wadda ta fito daga tauna, wato a yi ta juya magana a baki har ta yi laushi. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen "musamman".

Kalmar Balarabiya ce, kuma duk wanda ya zauna gaban allo ya taɓa furta ta ko da bai lura ba. A aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, an umarci masu imani cewa idan suka ƙulla bashi ila ajalin musamman su rubuta shi. Ajalin musamman shi ne wa'adin da aka ambata, aka sa masa rana, ba "sai na samu" ba, ba "wani lokaci" ba. Tushen kalmar ɗaya ne da ismu, wato suna. 'Yan'uwanmu na Kusiri da Njamena da ke jin Larabcin Chadi a kasuwa kullum sun fi kowa saurin gane wannan, domin idan ɗan Chadi zai tambayi sunanka, usmak yatu zai ce maka. To abin da yake musamman shi ne wanda aka raɗa wa suna, aka nuna shi da yatsa, aka cire shi daga cikin taro. Haka Bahaushe ya karɓe ta kuma bai ɓata ta ba. Idan tsohuwa ta ce maka "musamman na zo gaishe ka," tana gaya maka cewa ba hanya ce ta biyo da ita ba, ba kasuwa za ta ta ratso ba, da sunanka ta ɗaura zane ta fito. Wanda aka faɗa wa haka yakan ji nauyi a jikinsa, ya tashi ya shimfiɗa tabarma mai kyau. Idan mai abinci ta ce ta dafa maka musamman, ka san ba daga tukunyar kowa da kowa ta ɗebo ba.

Ku riƙe wannan ma'ana, sannan ku koma ku dubi abin da ake kira hira ta musamman yau.

A aikin jarida abubuwa biyu ne muka cusa cikin kalmar. Na farko shi ne abin da Faransawa ke nufi da exclusif: baƙon ya yi magana da kafar labaranka ita kaɗai, ko kuma ya faɗa maka abin da bai faɗa wa kowa ba tukuna. Wannan a ganina keɓantacciyar hira ya fi dacewa a kira ta. Na biyu shi ne abin da suke kira spécial, shirin da aka fitar daga tsarin yau da kullum, aka ware masa lokaci, aka yi masa shiri. Duka biyun suna iya shiga rigar "musamman" ba tare da ta yage ba. Amma kowannensu alkawari ne ga mai sauraro. Na farko yana cewa ba za ka ji wannan a wani wuri ba, na biyu yana cewa mun yi wahala a kan wannan dominka.

Misali: lokacin da marubuciya Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa, ta ci kyautar adabi ta Goncourt ta ɗaliban sakandaren Faransa a 2020, kafofi da yawa sun yi hira da ita, kuma ta sha yin bayanin auren dole da kalmar Fulatanci munyal, wato haƙurin da ake ɗora wa mace. Hirarraki ne masu amfani, na saurari da dama na ƙaru. Amma idan mutum yana amsa tambaya iri ɗaya a gidaje da yawa cikin mako guda, babu gidan da zai ce tasa keɓantacciya ce, kuma ba laifi ba ne a kira ta hira kawai.

Ruɗanin da ya fi damuna shi ne yadda mutane suka ɗauka cewa girman baƙo ne ke mai da hira ta musamman. In dai minista ne, ko tauraron Kannywood, ko mai mabiya miliyan, shi ke nan an samu lasisin manna kalmar. Alhali ko a nahawu, "ta" ɗin nan ga hira take komawa. Hirar ce ta musamman, ba a ce baƙo na musamman ba. Lokacin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2025 na ga wannan har na gaji: ɗan takara ko kakakinsa ya tara 'yan jarida a zaure ɗaya, makirufo sun cika tebur, kowa ya naɗi magana ɗaya, da yamma kowane shafi ya yanko rabonsa ya ce hirarsa ce ta musamman. Wannan taron manema labarai ne, yana da sunansa tun da daɗewa. Mai sauraron da ke Gidar ko Mokolo, wanda ya sayi data da ɗan abin da ya samu ranar, an gaya masa ƙarya tun daga take.

Akwai kuma ma'ana ta uku da ba a furtawa, kuma a kan kawuna na gane ta.

Ƙanen mahaifiyata ne, yana aikin babbar riga da hannu a unguwar Hausare shekaru fiye da arba'in. Idonsa ya fara rauni amma hannunsa bai manta hanya ba. Wata rana wasu samari biyu masu wani shafi suka zo da waya da ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, suka ce za su yi hira ta musamman da shi a kan sana'ar gargajiya. Kawu ya yi murna ƙwarai. Ya sa aka share zaure, ya fito da wata riga mai aska takwas da ya kwashe watanni yana yi, ya aika aka kira ni in zauna. Ina zaune suka yi tambayoyinsu. Baba, gaya mana tarihinka a taƙaice. Baba, waɗanne ƙalubale kake fuskanta? Baba, wane kira za ka yi ga gwamnati? Baba, wane saƙo gare ka ga matasa? Rigar tana shimfiɗe a kan cinyarsa, allura tana soke a gefen aljihu inda ya tsaya, babu wanda ya ce me ye wannan. Da suka gama, babban cikinsu ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, sai a duba mana na mai." Na ba su jaka biyar ta sefa don kada tsoho ya ji kunya a gidansa. Washegari hoton ya fito da jan rubutun nan a sama.

A Kamaru wannan kuɗi yana da suna, gombo ake ce masa, wato kuɓewa. Wanda ya raɗa sunan ya san abinci, domin aikin miyar kuɓewa shi ne ta sa loma ta wuce ba tare da ta tsaya a maƙogwaro ba. Ban ce duk ɗan jarida yana ci ba, kuma na san da yawa suna aiki watanni ba albashi, babur ɗin da suka hau ma bashi ne. Amma hirar da baƙo ya biya talla ce. Wanda ya karɓi kuɗinka ba zai yi maka tambayar da za ta sa ka yi shiru ka yi tunani ba, kuma ba zai ɓata dare yana karanta aikinka ba, tunda abin da ya kawo shi ya riga ya shiga aljihu. Idan aka lulluɓe talla da "ta musamman," an zalunci mai sauraro, an kuma zalunci mai fasahar da bai da abin biya.

Bayan sun tafi ne na zauna na tambayi Kawu abin da tun ina yaro nake son sani. Na ce, "Kawu, me ya sa ake ce wa wannan zare tsamiya?" Sai ya ajiye allura ya gyara zama. Ya ce ai siliki ne na daji, wata tsutsa ce ke yin sa, wadda ake samu a bishiyar tsamiya, ana dafa gidan nata da toka har ya saki, mata su kaɗa shi ya zama zare. Ya nuna mini yadda launinsa yake da ɗan duhu ba kamar zaren kanti mai ƙyalli ba, ya ce shi ya sa manya ke gane rigar kirki tun daga nesa. Daga nan ya wuce kan zane: a da mai ɗinki ba shi ke zana askakin da tambarin ba, malami ne mai hannun rubutu ke zana su a kan ƙyallen, sannan masu allura su bi sawunsa. Ya ambaci malamin da ya yi wa maigidansa zane, ya yi masa addu'a, ya share ido. Mun kai magariba a kan tambaya ɗaya. Babu waya a kunne, ba a naɗi komai ba, kuma har yau ina jin zafin haka. Ali Baba, mawaƙin nan ɗan Garwa, ya rasu a 2004, Mamman Shata a 1999. Duk tambayar da ba a yi musu suna raye ba ta tafi tare da su, kuma haka za ta faru da kowane tsoho mai sana'a da aka tsaya a kan "tarihinka a taƙaice."

Tambayoyin nan huɗu da samarin suka yi ba su da sunan kowa a jikinsu. Za ka iya yi wa mai kalangu, ka yi wa kwamishina, ka yi wa ɗan ƙwallon Coton Sport, ba ka canza ko harafi ba. Tambayar da ke mai da hira ta musamman ita ce wadda idan ka kai ta wurin wani ba za ta yi ma'ana ba. Ɗauki Imane Ayissi, mai tsara tufafi ɗan Kamaru, wanda a Janairun 2020 ya zama na farko daga Afirka kudu da Sahara da aka gayyata cikin jadawalin manyan masu ɗinki na Paris. Duk wanda ya bi aikinsa ya san ba ya amfani da atamfa, saboda asalinta masana'antun Holand ne da suka kwaikwayi rinin Indonesiya, ya fi son ƙyallen ndop na yammacin Kamaru da obom da ake yi da ɓawon itace. Mai hira daga Garwa, garin da hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton take, inda audugarmu ke taruwa, yana da tambayar da ɗan jaridar Paris ba zai tuna da ita ba: matan da suka tashi da atamfa a lefe da suna da biki, ta yaya za a ce musu ba tasu ba ce, kuma me za su ɗaura a madadinta da kuɗin da suke da shi? Wannan tambaya Ayissi kaɗai za a yi wa, kuma daga nan kaɗai za ta fito. Haka Mahamat-Saleh Haroun, daraktan fim ɗan Abeche ta Chadi da fim ɗinsa ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 2010, ya kuma riƙe ma'aikatar al'adu ta Chadi daga 2017 zuwa 2018. Tambayarsa "yaya ka ji da ka ci kyauta" ɓata lokacinsa ne. Abin tambaya shi ne abin da ya gano game da sinima a ƙasarsa yana kan kujerar minista wanda bai gani ba yana bayan kyamara.

Ba na cewa sai an je Paris ko an sami minista. Kawu yana nan a zaurensa a Hausare, dukawa suna nan a Marwa suna jima da ɗinkin fata, masu algaita da kakaki suna ƙofar fadar Lamido kowace Sallah. Makon jiya na koma wurin Kawu da wayata cike da caji da tambayoyi shida da na rubuta a takarda. Ta farko a kan dalilin da ya sa askakin rigar ba tsawonsu ɗaya ba ce. Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da idonsa, ya mayar mini, ya ce, "Ɗana, kunna abin naka, amma wannan ta farkon kaɗai za ta kai mu la'asar."