RSPB: Ƙungiyar Kare Tsuntsaye ta Birtaniya

RSPB ƙungiya ce mai zaman kanta a Birtaniya wadda ta duƙufa ga kare tsuntsaye da wuraren da suke rayuwa. Cikakken sunanta da Turanci shi ne Royal Society for the Protection of Birds. An kafa ta a 1889, kuma tun 1961 hedikwatarta tana kusa da garin Sandy a gundumar Bedfordshire. Mambobinta sun kai miliyan ɗaya a 1997, tana kuma kula da gandun tsuntsaye sama da 200 a faɗin ƙasar. Wannan yawan jama'a da wannan yawan fili su suka sa muryarta ke da nauyi idan gwamnati za ta taɓa dokar noma ko ta gine-gine.

Asali

Rigimar hula ce ta haifi ƙungiyar. A ƙarshen ƙarni na 19 matan Turai sun ɗauki yayin ƙawata huluna da gashin tsuntsu, wasu ma har tsuntsu guda ake busarwa a ɗora a kai. Landan ita ce babbar kasuwar wannan haja. Gashin balbela ya fi kowanne tsada, kuma wanda ake nema ba ya fitowa sai lokacin da take kan sheƙa, saboda haka maharbi in ya kashe uwa, 'ya'yan da ke ciki yunwa ke ƙarasa su.

Emily Williamson, wata mata da ke zaune a unguwar Didsbury ta Manchesta, ita ta fara tara ƙawayenta a gidanta a 1889. A lokacin ƙungiyar masana tsuntsaye ta ƙasar ba ta karɓar mata. A 1891 taron nata ya haɗe da wani makamancinsa na garin Croydon wanda Eliza Phillips da Etta Lemon ke ciki. Ita Etta Lemon an san ta da wata ɗabi'a tun tana budurwa: in ta je coci sai ta rubuta sunayen matan da suka sanya hular gashi, daga baya ta aika wa kowacce wasiƙar gargaɗi. Abin mamaki, matar da ta shafe shekaru tana jan ragamar gwagwarmayar mata kan tsuntsaye tana cikin masu adawa da a ba mata damar jefa ƙuri'a.

Kuɗin shiga kwabo biyu ne, sharaɗin kuwa shi ne mace ta daina sanya gashin duk tsuntsun da ba don ci aka yanka shi ba. Jimina kaɗai aka ware, domin ana cire gashinta tana raye. Gashin jimina yana cikin kayan da ayarin fatake ke ɗauka daga Kano da Borno su ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, daga can a kai Turai, kuma wannan ciniki bai shiga cikin abin da matan suka yaƙa ba.

A 1904 Sarki Edward na Bakwai ya ba ƙungiyar takardar amincewar fada. Dokar hana shigo da gashin tsuntsaye kuwa sai a 1921 majalisa ta amince da ita, bayan an sha kai ƙudurin yana faɗuwa.

Daga wasiƙu zuwa mallakar fili

Da aka gama da hula, sai hankali ya koma kan masu tara ƙwan tsuntsaye, da man da jiragen ruwa ke zubarwa a teku, daga baya kuma magungunan feshin gona. Ƙungiyar ta sa baki wajen samar da dokar kare tsuntsaye ta 1954 da dokar namun daji da karkara ta 1981, wadda har yau ita ce ginshiƙi. Ta sayi filinta na farko a 1930 a fadamar Romney.

Gandun da ya fi suna shi ne Minsmere a gaɓar Suffolk. A Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun bar ruwa ya malale wurin da gangan don toshe wa Jamus hanyar sauka. Ba a ankara ba, a 1947 sai ga wani tsuntsun ruwa mai fari da baƙi, mai dogayen ƙafafu da siririn baki da ya lanƙwashe sama, ya dawo ya yi sheƙa bayan fiye da shekara 100 bai hayayyafa a ƙasar ba. Turawa suna kiransa avocet, kuma hotonsa ne tambarin ƙungiyar a yau.

A Loch Garten da ke Sikotilan, shaho mai kamun kifi ya dawo a shekarun 1950, amma ɓarayin ƙwai suka hana shi sakat. Maimakon a ci gaba da ɓoye sheƙar, a 1959 George Waterston, jami'in ƙungiyar a Sikotilan, ya buɗe wurin ga jama'a, ana gadi dare da rana, kowa ya zo ya leƙa ta madubin hange daga nesa. Dubban mutane suka yi tururuwa. Wannan dabara ta jawo mutane su gani da idonsu ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙungiyar ke samun mambobi. Jar shirwa ma, wadda ta rage saura 'yan kaɗan a tsaunukan Wales, an sake sakin ta daga 1989 da 'ya'yan da aka kawo daga Sifaniya da Suwidin. Yanzu matafiyi tsakanin Landan da Oxford yana ganin ta tana shawagi bisa titi.

Tun 1979 akwai ƙidayar da ake yi a ƙarshen Janairu: mutum ya zauna awa ɗaya yana duban lambun bayan gidansa, ya rubuta tsuntsayen da suka sauka, ya aika. Dubban ɗaruruwa ke shiga kowace shekara. Gwarar gida ta daɗe tana zuwa ta ɗaya, duk da cewa yawanta ya ragu ƙwarai.

Siyasa da saɓani

Dokar ƙungiyoyin agaji ta hana RSPB goyon bayan wata jam'iyya, amma ba ta hana ta sukar manufa ba, kuma a kan wannan siririn layi take tafiya. A Agustan 2023 ta zame. Gwamnati ta nemi sassauta ƙa'idar gurɓatar ruwa ga masu gina gidaje, sai shafin sada zumunta na reshen ƙungiyar na Ingila ya kira Firaministan lokacin, Rishi Sunak, da ministoci biyu maƙaryata. Shugabarta, Beccy Speight, ta fito ta ba da haƙuri.

Tsohuwar takun saƙar ƙungiyar ita ce da masu filayen farauta a tuddan arewacin Ingila da Sikotilan, inda ake buɗe harbin wani tsuntsu dangin fakara ranar 12 ga Agusta. Ƙungiyar tana zargin cewa a irin waɗannan filaye ne ake harbe shaho ko a sa masa guba duk da doka ta hana. Su kuma masu gadin filayen suna cewa aikinsu na kashe yanyawa da hankaka shi ke raya tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. A 2024 Sikotilan ta wajabta lasisi ga irin wannan farauta. Ita kanta RSPB tana kashe yanyawa da hankaka da barewa a wasu gandunanta, abin da ba ya yi wa wasu mambobinta daɗi.

Inda ta fi gaza kai ga buri shi ne gona. Gandu yana ceton tsuntsun da ya yi ƙaranci, amma akasarin ƙasar Birtaniya gonaki ne, kuma tsuntsayen gona sun ragu da fiye da rabi tun 1970. A 2000 ta sayi wata gona a Cambridgeshire don nuna cewa ana iya noman riba tare da tsuntsaye. Yawansu ya ƙaru a gonar, sai dai gona ɗaya ba ta sauya lissafin ƙasa.

Alaƙa da yankin Sahel

Da yawa daga tsuntsayen da ke ƙwai a Birtaniya suna cin sanyin hunturu ne a Afirka ta Yamma. Kurciyar Turai, wadda ta ragu da sama da kashi 90 cikin 100 a Birtaniya, tana cikinsu. A 2014 masu bincike na ƙungiyar sun ɗaura wa wata na'urar bin sawu a Suffolk, ta ƙetare Sahara ta yi zamanta a Mali, sannan ta koma.

A Nijeriya, RSPB tana cikin ƙungiyoyin da suka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru a 1987, tare da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya. Dausayin mashaya ce ta agwagwin ruwa da sauran baƙin tsuntsaye daga Turai. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, matsalar da ta shafi masunta da manoman shinkafa da makiyaya kamar yadda ta shafi tsuntsayen.