Kod da kiɗan nan-take a ukulele: tambayoyin wanda ya wuce matakin farko

Waɗannan amsoshi na mai kaɗa ukulele ne, ƙaramar gitar nan mai tsirkiya huɗu, wanda hannunsa ya riga ya saba da kod (sautukan da ake kaɗawa tare) irin su C, F, G7 da Am, yana kuma son ya san abin da yatsunsa ke yi. Lambobi huɗun da za a riƙa gani suna nuna firet ɗin (gurbin yatsa a wuyan ukulele) da za a danna a kowace tsirkiya, a jeren G, C, E, A. Sifili na nufin a bar tsirkiyar sake.

Na haddace kod da yawa, amma ban san abin da ke cikinsu ba. Ta ina zan fara?

Fara da sanin cewa kowane firet rabin taki ne, wato tazarar da ke tsakanin sauti da na kusa da shi, kuma kod na asali sautuka uku ne kacal: tushe, na uku, da na biyar. A kod ɗin C su ne C, E da G. Idan ka danna 0003, abin da ke fita shi ne G, C, E, C, wato sautuka ukun nan, ɗaya ya maimaitu. Na ukun shi ke yanke hukunci. In tazararsa da tushe firet huɗu ce, kod ɗin mejo ne. In uku ce, maino ne. Gwada A, 2100, sannan ka ɗaga yatsan da ke kan tsirkiyar C ya koma 2000. Yatsa ɗaya ka cire, C# ya sauko C, sai ga Am.

Haka ma tsirkiyar A ita kaɗai za ta koya maka kod masu na bakwai, wato waɗanda aka ƙara musu sauti na bakwai daga tushe: 0003 C ne, 0002 Cmaj7, 0001 kuma C7. In ka kaɗa duka huɗun sake, C6 ka samu, wanda sautukansa ɗaya ne da na Am7.

Me ya sa in na kaɗa G7 sai in ji dole sai na koma C?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa a tsaya a kanta. Danna G7, 0212, ka kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya: G, D, F, B. Yanzu bar biyun farko, ka kaɗa F da B kaɗai tare. Za ka ji ba su zauna ba, domin tsakaninsu firet shida ne, rabin zagayen sautuka 12 cif, kuma kunne ba ya hutawa a wannan tazara. Sai ka koma C a hankali kana kallon yatsunka. F da ke firet na 1 ya sauko E sake. B da ke firet na 2 ya hau C a na 3. Kowannensu rabin taki kawai ya motsa, ɗaya ƙasa ɗaya sama, G kuwa ko gezau.

Abin da nake so mai koyo ya ɗauka a nan shi ne ya daina kallon kod a matsayin siffar hannu da ake tsalle daga wata zuwa wata. Tsirkiya huɗu muryoyi huɗu ne, kowace tana da tafiyarta. Daga C zuwa Am, daga Am zuwa F (2010), duba ka ga tsirkiya nawa ne ba sa canjawa. Tsakanin Am da F ma yatsa ɗaya ne bambancin.

Mece ce fa'idar lambobin I, IV, V da ake rubutawa?

Suna raba waƙa da gidan da aka rera ta, wato sautin da aka gina waƙar a kansa. A gidan C jerin shi ne C, Dm, Em, F, G, Am, sai na bakwai da ba a cika taɓawa ba. Na 1, na 4 da na 5 mejo ne. Na 2, na 3 da na 6 maino, ana rubuta su da ƙananan haruffa. Saboda haka C, Am, F, G shi ne I, vi, IV, V. In muryar mai rerawa ba ta kai ba, ka mayar gidan G: G, Em, C, D. Ko gidan F: F, Dm, Bb, C.

Na ga D7 iri biyu, 2223 da 2020. Wanne ne daidai?

Duka biyun. 2223 cikakke ne: A, D, F#, C. Shi kuwa 2020 sautukansa A, C, F#, A ne, babu D a ciki ko kaɗan, amma kunne yana karɓarsa a matsayin D7 saboda na uku da na bakwai suna nan. Ana kiransa D7 na Hawai, kuma shi ne ƙafar farko a gajeren jerin nan D7, G7, C da makaɗan tsibiran ke sakawa tsakanin baitoci. Can ne dai kayan kiɗan ya samo asali, bayan jirgin Ravenscrag ya sauke 'yan Madera na Fotugal a Honolulu a 1879, cikinsu har da masassaƙa uku, Manuel Nunes, Augusto Dias da José do Espírito Santo.

Wannan dabara ita ce ke buɗe ƙofar manyan kod. G9 sautuka biyar gare shi, kai kuma tsirkiya huɗu gare ka, dole ɗaya ya fita. Ana yar da na biyar ko tushe, ba a taɓa na uku da na bakwai. Gwada 2212 a gurbin G7 bayan Dm7 (2213), sannan ka sauka a Cmaj7.

Ina tsoron hawa saman wuyan ukulele. Akwai gajeriyar hanya?

Duk siffar da babu tsirkiya sake a cikinta tana tafiya. Bb shi ne 3211. Tura shi firet biyu ya zama 5433, C ke nan. E ɗin da kowa ke kuka da shi, 4442, D ne (2220) da aka ɗaga firet biyu. Abin da kawai za ka haddace shi ne inda tushen kowace siffa yake.

Na koyi tsanin sautuka biyar, amma in na yi kiɗan nan-take, wato ƙirƙirar kiɗa a lokacin da nake kaɗawa, sai ya fito kamar atisaye. Ina matsalar?

Tsanin ba shi da laifi. C, D, E, G, A suna nan a firet 0 da 2 na tsirkiyar C, 0 da 3 na E, 0 da 3 na A, kuma an cire F da B ne, wato sautukan da suka fi saurin karo da kod. Shi ya sa da wuya ka yi kuskure da shi, shi ya sa kuma da wuya ka faɗi wani abu. Mai hawa da sauka a kansa bai ji kod ya canja a ƙarƙashinsa ba.

Ga abin da zan ba da shawara. Naɗi kanka a waya kana kaɗa C, Am, F, G7, bugu huɗu-huɗu. Kunna, ka buga sauti ɗaya tak a farkon kowane kod, na ukunsa: E sake a kan C, C a firet na 3 a kan Am, A sake a kan F, B a firet na 2 a kan G7. Ko da ka kashe naɗin, za ka ji kod ɗin suna tafiya cikin waɗannan sautuka huɗu. Bayan nan ne za ka fara cike tsakaninsu da sautukan tsanin. Ka lura B ɗin nan ba ya cikin biyar ɗin, amma a kan G7 babu wanda ya fi shi daɗi.

Sauran aikin na numfashi ne. Rera jimlar da baki kafin ka kaɗa ta. Inda numfashinka ya ƙare, nan jimlar ta ƙare. Ka maimaita ta, ka canja ƙarshenta kawai. A ganina sautuka uku da aka ajiye a kan bugu sun fi goma sha biyu da aka watsa.

A salon kiɗan bulus ana kaɗa Eb a kan C7, alhali kod ɗin E gare shi. Ba kuskure ba ne?

Gogayyar ce ake nema. Buga Eb a firet na 3 na tsirkiyar C, ka zame zuwa na 4, ka ji yadda ya warware. Da kiɗan ya koma F7 (2313), Eb ɗin nan ya zama ɗan gida, don shi ne na bakwai ɗin kod ɗin, a nan sai ka tsaya a kansa, E kuma ka guje shi.

Sai na sa G mai kauri, wato tsirkiyar G mai ƙasan sauti, kafin in yi kiɗan nan-take?

A'a. A ɗaurin da aka saba, tsirkiyar G ta fi C da E tsayin sauti, don haka C sake shi ne ƙarshen ƙasa. G mai kauri yana ƙara maka rabin taki biyar a ƙasa, abin da ke taimaka wa waƙar da ke farawa ƙasa da tushe. Siffofin kod ba sa canjawa. A baritun, wato babbar ukulele, ne sunayensu ke canjawa, domin ɗaurinsa D, G, B, E ne, kuma 0003 a can G yake bayarwa.