Waiwaye: Haing Ngor, likitan da ya ce shi direban tasi ne

A watan Satumban 2022 kotun musamman da Kambodiya ta kafa tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi watsi da ƙarar da Khieu Samphan, tsohon shugaban ƙasa a mulkin Khmer Rouge, ya ɗaukaka, ta bar shi da ɗaurin rai da rai. Shi ne hukuncinta na ƙarshe. Tun 2006 take zama, ta lashe sama da dala miliyan 300, amma mutum 3 kacal ta ɗaure a kan ta'asar mulkin Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 da ta ci rayukan mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasar. Tun kafin a yi maganar kotu, waɗanda suka tsira ne suka riƙa ba duniya labari, kuma a cikinsu da wuya a samu wanda muryarsa ta yi nisa kamar Dakta Haing Ngor.

An haife shi a 1940, ya zama likitan mata a Phnom Penh. Ranar 17 ga Afrilun 1975 dakarun Khmer Rouge, 'yan kwaminisanci ƙarƙashin Pol Pot, suka shiga birnin, suka kora kowa da kowa zuwa ƙauye, har marasa lafiya da ke kwance a asibiti. Suka soke kuɗi, suka rufe kasuwa da makaranta da wuraren ibada. Mai ilimi ya zama abin farauta: malami, likita, wanda ya iya Faransanci, kai, har tabarau na iya jawo wa mutum halaka. Ngor ya jefar da nasa tabarau, ya ce shi direban tasi ne. Sau 3 ana kama shi ana gana masa azaba. An sare masa ɗan yatsa, an rataye shi a kan wuta don ya amsa cewa shi likita ne, bai amsa ba.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru a 1978. Matarsa Huoy, wadda yunwa da aikin gandu suka riga suka cinye, ta kama naƙuda, haihuwa ta zo da gardama. Aikinsa ke nan, ya san sai an yi mata tiyata. Babu kayan aiki, babu magani, kuma da ya nuna ya iya, da shi da ita da sauran danginsa an gama da su. Tana hannunsa ta cika, abin da ke cikinta ma bai rayu ba.

Sojojin Biyetnam sun kifar da gwamnatin a Janairun 1979. Ngor ya tsallaka Thailand da ƙafa, ya duba marasa lafiya a sansanin 'yan gudun hijira, sannan ya isa Amurka a 1980. A can takardunsa ba su ba shi damar yin likitanci ba, sai ya kama aikin nema wa 'yan gudun hijira abin yi a Los Angeles. A wajen wani biki na 'yan Kambodiya masu neman 'yan wasan fim suka gan shi. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba ya fito a matsayin ɗan jarida Dith Pran a fim ɗin The Killing Fields na 1984, ya kuma ci kyautar Oscar a 1985. Ya sha faɗa cewa abin da aka nuna bai kai munin abin da ya faru ba, shi ya sa ya zauna da marubuci Roger Warner suka fitar da littafin tarihin rayuwarsa.

Lokacin da shaidar ta fito shi ne ya ba ta nauyi. A shekarun 1980 wakilan Khmer Rouge, cikin wani ƙawance, suna riƙe da kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya, da goyon bayan Sin da Amurka da ƙasashen yankin, don kawai ba a son gwamnatin da Biyetnam ta ɗora. Wato manyan ƙasashe sun san komai, siyasar Yaƙin Cacar Baka ce ta sa suka kau da kai. A ganina ɗan yatsan Ngor da ya guntule ya yi aikin da jakadu suka ƙi yi.

Sunan da ya samu da kuɗin da ya biyo baya, yawanci kan mutanensa suka ƙare. Ya yi ta zirga-zirga zuwa sansanonin kan iyaka da tallafi, ya yi ta jawabi yana neman a gurfanar da shugabannin Khmer Rouge. Ya kafa gidauniya da sunansa, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Paris ta 1991 kuma ya riƙa komawa gida, inda ya gina makarantar firamare, ya kafa ƙaramin injin yankan katako don mutane su samu abin sawa a baka.

Bai ga kotun ba. Ranar 25 ga Fabrairun 1996 aka harbe shi a ƙofar gidansa a Los Angeles. An ɗaure wasu matasa 3 'yan daba a 1998, masu gabatar da ƙara suka ce fashi ne, wai ya hana su sarƙar da ke ɗauke da hoton matarsa. 'Yan Kambodiya da dama ba su gamsu ba, musamman da aka tarar ba a taɓa kuɗin da ke tare da shi ba. A 2009 Duch, tsohon shugaban kurkukun Khmer Rouge na Tuol Sleng, ya gaya wa kotu cewa Pol Pot ne ya sa a kashe shi, sai dai masu bincike a Amurka ba su samu hujjar hakan ba. Pol Pot kansa ya mutu a daji a 1998 ba tare da ya tsaya gaban alƙalin ƙasa da ƙasa ba.

Hukuncin kisan ƙare dangi sai a 2018 ya zo, a kan abin da aka yi wa 'yan asalin Biyetnam da Musulmin ƙabilar Cham, waɗanda aka rushe musu masallatai, aka ƙona Alƙur'anansu, aka tilasta musu cin naman alade. Kisan da aka yi wa sauran jama'a, irin su iyalan Ngor, kotu ta sa shi a babin laifukan cin zarafin bil'adama.