Wa'adin kwana 90: ƙa'idar da ke sa kamfanoni toshe ɓarakar burauza

Duk burauzar da kake shiga intanet da ita, Chrome ce ko Firefox ko Safari ko Opera, ba ta rasa ɓaraka. Manhaja ce mai miliyoyin layukan umarni, kuma aikinta kullum shi ne buɗe shafukan da ba ta san wanda ya rubuta su ba. Wata ɓarakar ma, buɗe shafi kawai ya isa masu kutse su samu hanyar shiga waya. To idan mai bincike ya gano irin wannan kafa ya sanar da kamfani, kwana nawa zai kame bakinsa kafin ya gaya wa duniya?

Amsar da ta fi tasiri ba majalisar wata ƙasa ce ta bayar ba. Ta fito ne daga Project Zero, tawagar masu farautar ɓaraka da Google ya kafa a 2014. Ƙa'idarsu ita ce: daga ranar da suka kai wa kamfani rahoto, yana da kwana 90 ya fitar da faci, wato gyaran da zai toshe ɓarakar. Idan wa'adin ya cika bai gyara ba, sai su wallafa bayanin ɓarakar kowa ya gani. Ba tara, ba kotu. Kunya ce kawai bulalar, da tsoron abin da zai faɗa wa masu amfani da manhajar.

Da farko ba sani ba sabo suka riƙe ta. A Janairun 2015 sun fallasa wata ɓaraka a Windows 8.1 saura kwana biyu Microsoft ya fitar da gyaranta, duk da ya roƙi a ɗan jira shi. Microsoft ya fito fili ya koka, kuma a ganina yana da gaskiya a wannan karon. Wata ɗaya bayan haka aka ƙara sassauci: kamfanin da ya sanar cewa gyara na tafe ana iya ƙara masa kwana 14, kuma idan wa'adi ya faɗo a ƙarshen mako ko ranar hutu sai a kai shi ranar aiki ta gaba.

A 2021 aka yi sauyin da ya fi shafar ni da kai. Yanzu idan kamfani ya gyara cikin wa'adi, Project Zero za su ƙara jira kwana 30 bayan fitowar facin kafin su wallafa bayani dalla-dalla. Waɗannan kwanaki 30 ba na kamfani ba ne, na jama'a ne, domin kowa ya samu ya sabunta manhajarsa. Amma idan an tabbatar masu kutse sun riga sun fara amfani da ɓarakar, babu zancen kwana 90, kwana 7 ne kacal, da ƙarin kwana 3 idan an nema.

Ko ƙa'idar ta yi aiki? Alƙaluman da tawagar ta fitar a Fabrairun 2022 sun nuna cewa a 2021 kamfanoni na ɗaukar kimanin kwana 52 kafin su gyara, alhali shekara uku kafin nan kusan kwana 80 ne. A ɓangaren burauza, tsakanin 2019 da 2021, daga kai rahoto zuwa isar gyara hannun mutane, Chrome na cin kusan kwana 30, Firefox kusan 38, WebKit kuwa, injin da Safari ke tafiya a kai, kusan 73. Sai dai a riƙe wannan da hankali. Ɓarakoki takwas ne kawai aka auna na Firefox, sannan mai awon, wato Google, shi ne mai Chrome. Alƙali ne da ke da ɗa a cikin shari'a, ko da yake wa'adin na hawa kan Chrome da Android su ma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a alƙaluman shi ne inda kwanakin ke tafiya. Rubuta gyaran ba ya cin lokaci. A alƙaluman, WebKit na yin sa cikin kusan kwana 12 a matsakaici. Sauran wata biyun duk jiran fitowar sabon zubi ne. Kuma nan haɗarin yake, domin injinan waɗannan burauzoji a buɗe ake rubuta su, kowa na iya leƙawa. Da zarar an saka gyara a rumbun da ake ajiye layukan umarnin manhajar a fili, ɗan kutse mai ido zai karanta ya gane ramin da aka cike, ya kai hari kan duk wanda gyaran bai iso wa ba. Tamkar ka manna sanarwa a bakin titi cewa kwaɗon ƙofarka ya lalace, makanike sai jibi. Shi ya sa daga Agustan 2023 Chrome ya koma fitar da gyaran tsaro kowane mako.

Gwamnatoci sun biyo baya da nasu. A Nuwamban 2021 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun tarayya su toshe sababbin ɓarakokin da aka san ana kai hari da su cikin mako biyu. Tarayyar Turai kuma ta yi dokar da ta ce daga Satumban 2026 kamfani ya sanar da hukuma cikin awa 24 idan ya gano ana amfani da ɓarakar kayansa, kuma ta lissafa burauza cikin kayayyaki masu muhimmanci.

Duk waɗannan wa'adai a bakin ƙofar wayarka suke tsayawa. Da yawanmu mun kashe sabuntawa ta kai tsaye a Play Store saboda tsadar data, kuma ban ga laifin mai lissafin kuɗinsa ba, amma ko sauran manhajoji za su jira, burauza kam a riƙa sabunta ta. A kwamfuta, Chrome kan sauko da gyara da kansa, sai dai ba ya fara aiki sai an rufe burauzar an sake buɗewa. Kwamfutocin shagunan buga takardu da har yanzu ke kan Windows 7 kuwa, zubin Chrome na 109 da ya fito a Janairun 2023 shi ne na ƙarshe da za su iya ɗauka, kuma a kansu ne ɗalibai ke shigar da lambobin sirri da bayanan katin banki lokacin rajistar jarrabawa.