Waiwaye: Yadda Jihohin Amurka Suka Kai Ga Yawo Da Bindiga Ba Lasisi

A jihohi 29 cikin 50 na Amurka, baligin da doka ba ta haramta wa mallakar makami ba yana iya soke ƙaramar bindiga a ƙugu, ya rufe da riga, ya shiga gari ba tare da takardar kowa ba. Kafin 2003 jiha ɗaya tak ce ke haka, wato Vermont. Majalisun jihohi ne suka yi wannan aiki. A Najeriya makamai suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, amma a Amurka tarayya ta fi tsayawa kan wanda zai sayar da wanda zai saya. Maganar ɗauka a jiki a fita da ita waje kuwa, kowace jiha da nata hukuncin.

Tun farko ɓoye bindiga aka tsana, ba nuna ta ba. Mutanen ƙarni na 19 suna ganin mai mutunci yakan rataya makaminsa kowa ya gani, mai ɓoyewa kuwa da wata mugunta a ransa. Kentucky da Louisiana suka haramta ɓoye makami a 1813. Kotun Kentucky ta soke tata dokar a 1822, sai da jihar ta gyara tsarin mulkinta a 1850 don majalisa ta samu ikon hanawa. A 1846 kotun ƙolin Georgia ta shata iyakar da jihohi da dama suka daɗe a kai: ana iya hana ɓoyewa, ba a hana ɗauka a fili. Lasisi kuma ba da tsabta ya shigo ba. Dokar Mississippi ta 1865 ta hana bayin da aka 'yanta riƙe bindiga sai da izinin hukumar gunduma, izinin da farar fata ba ya buƙata.

New York ce ta kafa tsarin da ya yi fiye da shekara ɗari yana aiki. Dokar Sullivan ta 1911 ta wajabta lasisi ga ƙaramar bindiga, gyaran 1913 ya ƙara cewa mai son yawo da ita sai ya nuna dalili na musamman. Zama a unguwar da fashi ya yi yawa bai isa dalili ba, sai an ga barazanar da ta shafe ka kai kaɗai. Wannan shi ne tsarin ganin dama: ka cika kowane sharaɗi, jami'i ya ce bai gamsu ba. A California shugaban 'yan sandan gunduma ko na birni ne mai ba da lasisin, saboda haka kafin 2022 gundumomin karkara suna bayarwa cikin sauƙi, San Francisco kuwa da ƙyar a shekara a samu ko mutum ɗaya. Jihar ce kuma ta haramta yawo da bindiga mai harsashi a fili a 1967, bayan 'yan Black Panther, ƙungiyar baƙaƙen fata masu fafutuka, sun shiga majalisar jihar a Sacramento ɗauke da makamai. Gwamna Ronald Reagan ne ya sa hannu.

Juyin ya taso daga Florida a 1987. Wasu jihohi sun riga ta, amma tata dokar aka riƙa kwaikwaya. Ta cire ra'ayin jami'i daga maganar: in mutum ya kai shekara 21, ya ba da hoton yatsunsa, ya kawo shaidar horo, ya biya kuɗi, bincike bai nuna laifin da zai hana shi ba, dole a ba shi cikin kwana 90. Texas ta bi sahu a 1995 zamanin Gwamna George W. Bush, shekara huɗu bayan wani ya kashe mutum 23 a gidan abinci a garin Killeen. A tsarinta na yanzu, darasin aji na awa huɗu zuwa shida ne, sannan gwajin harbi da harsashi 50: ashirin daga yadi 3, ashirin daga yadi 7, goma daga yadi 15. Ana cin jarrabawa da maki 175 cikin 250, wanda ba abin a zo a gani ba ne ga duk wanda ya taɓa ɗan yin atisaye.

Da lasisi ya zama abin da ba a hana kowa sai mai laifi, masu fafutuka suka ce to me ya rage amfaninsa? Alaska ta jingine wajabcinsa a 2003, Arizona a 2010, daga nan abin ya zama rububi. Texas ta shiga a 2021, Florida a 2023, Louisiana da South Carolina a 2024.

Kotun Ƙoli a baya ta taho. A shari'ar Heller ta 2008 ta ce gyara na biyu na tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba mutum ɗaya-ɗaya 'yancin ajiye bindiga a gida. A 2010 ta ce wannan ya hau kan jihohi ma. Illinois, jiha ta ƙarshe da ba ta da lasisin yawo da bindiga a ɓoye, ta yi dokar a 2013 bayan kotun ɗaukaka ƙara ta tilasta mata. Sai ranar 23 ga Yuni 2022, alƙalai shida cikin tara suka soke sharaɗin dalili na musamman na New York a shari'ar Bruen, abin da ya taɓa California da Hawaii da Maryland da Massachusetts da New Jersey. Mai shari'a Clarence Thomas ya kafa sabon ma'auni: gwamnati ce za ta nuna cewa dokarta ta yi daidai da irin dokokin da ƙasar ta saba da su a tarihi. A nan ne nauyin hujja ya koma ɗaya ɓangaren. Da ɗan ƙasa ke bayanin dalilinsa na son bindiga, yanzu jiha ke bayanin dalilinta na hanawa, kuma alƙaluman kisa na bana ba sa karɓuwa a madadin tsofaffin dokoki.

New York ba ta ɓata lokaci ba. Kwana takwas bayan hukuncin ta yi sabuwar doka: awa 16 na aji, awa 2 na harbi, mutum huɗu masu shaidar hali, jerin shafukan sada zumunta na shekara uku, da dogon jerin wuraren da aka hana shiga da bindiga, har da jiragen ƙasa na birni da dandalin Times Square. Kotun ɗaukaka ƙara ta bar mafi yawan wuraren, ta dakatar da sharaɗin shafukan sada zumunta. Ma'aunin tarihin kuwa ya rikita alƙalai, har wata kotu ta soke dokar tarayya da ke ƙwace bindiga daga wanda kotu ta hana kusantar iyalinsa saboda duka. Kotun Ƙoli ta dawo da dokar a 2024 da ƙuri'a takwas da ɗaya, kuma Thomas ne ɗayan.

Kan tasiri, masanin tattalin arziki John Lott ya yi ikirari a ƙarshen shekarun 1990 cewa sassauta lasisi yana rage laifi. Binciken wani masanin, John Donohue, da abokansa na 2019 ya gano akasin haka: ƙarin kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari na laifukan tashin hankali bayan shekara goma. Nazarce-nazarcen baya-bayan nan sun fi karkata ga Donohue, amma majalisun jihohi ba da su suke auna ƙuri'a ba.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne zaton cewa rashin wajabcin lasisi ya share komai. Dokar tarayya ta hana riƙe bindiga a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, kusan mita 300, sai ga mai lasisin jihar da makarantar take. Marar lasisi ba ya cikin wannan rangwame, kuma a cikin birni da wuya ka yi tuƙin minti goma ba ka gifta makaranta ba. A Texas alamar ƙofa ma karatu take so: alama mai lamba 30.05 ta hana marar lasisi shiga da bindiga, 30.06 ta hana mai lasisi ɓoyewa, 30.07 ta hana shi nunawa, jar alamar kashi 51 kuma tana nufin wurin da giya ce mafi yawan cinikinsa, ba mai shiga da bindiga. A Michigan mai lasisi dole ya sanar da ɗan sanda nan take in an tsayar da shi.

Iyakar jiha ta fi duka haɗari. New Jersey ba ta karɓar lasisin kowace jiha, don haka mai lasisin Pennsylvania da ya haye gada daga Philadelphia da bindiga a jiki ya shiga laifin da mafi ƙarancin hukuncinsa wata 42 ne a gidan yari. Dokar tarayya ta 1986 ta ba matafiyi kariya, amma sai in an cire harsashi, an kulle bindigar a but ko akwatin da hannu ba ya kaiwa, kuma halas ce a inda ya taso da inda zai sauka. In ya yada zango ya kwana a hanya, kariyar na iya faɗuwa. Saboda irin rangwamen da mai lasisi ke samu, kamar na kusa da makaranta, kusan duk jihohin da suka jingine wajabcin lasisi har yanzu suna ba da shi, mutane kuma suna ci gaba da biya.