Mushe, majo, malam: tambayoyinku kan matashin da damuwa ta kama

Wanga rubutu na masu wuni da yara ne, malaman lakwal, ma'aikatan likita, malaman islamiyya da na allo, ƴan rele masu shiga gida-gida, har da manyan fada. Tambayoyin su ne dai ake ta maimaitawa duk inda anka tada zancen lafiyar ƙwaƙwalwar matasa a nan Maradi.

Ni ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, mi ya haɗa ni da wanga zance?

Abin da ya haɗa ku shi ne yaron gabanku yake. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, guda shina fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba. To ku ɗauki aji mai ɗalibi 70 ku yi lissafi da kanku. Ga ƙasarmu kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, likitocin wannan fanni kuwa ƴan kaɗan ne kuma mafi yawansu suna Yamai, in munka ce sai su za su duba kowane yaro to mun bar yaran ke nan. Shi ya sa ma OMS ta fito da tsarin mhGAP a 2008, don a koya ma ma'aikacin ƙaramar likita irin CSI yadda zai gane damuwa mai tsanani, farfaɗiya, shaye-shaye da taɓin hankali, ya yi abin da zai iya ya tura sauran gaba. Kuma an gwada an gani, a Zimbabuwe wani likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama bisa benci a harabar likita suna sauraren mutane, binciken da anka buga 2016 ya nuna waɗanda sunka zauna da su sun fi samun sauƙi. Tsofaffin mata fa, ba masu digiri ba.

Ta yaya zan gane damuwa ce ba lalaci ko taurin kai ba?

Ku dubi canji. Yaron da kullum shina benci na gaba hannu sama, sai ga shi ya koma can baya ya kife kai bisa tebur, kayen shi ba rubutu, an fita hutu abokai na ƙwallo shi shina gindin bedi shi kaɗai. Ko yarinya mai fara'a ta koma abu kaɗan sai kuka. Ga samari sau da yawa damuwa ba ta fitowa da hawaye, da faɗa take fitowa, saurin fushi, baƙar magana, tsallake lakwal, mu kuma sai mu ɗauko bulala. Malalaci shina gudun aiki amma bai gudun wasa, wanda damuwa ta kama har abin da yake so ya bar jin daɗinshi, nan bambancin yake. In abin ya kai sati 2 kusan kullum, ga rashin barci ko barci ya yi yawa, abinci bai ciyuwa, karatu bai shiga, to wannan ba halin yaro ba ne, ciwo ne.

A likita fa? Ba wanda ke zuwa ya ce muna damuwa ke damun shi.

Ba za su ce ba, saboda ba haka muke faɗin abin da Hausa ba. Yarinya za ta ce kaina ke ciwo, ƙirjina ya yi nauyi, gabana na faɗuwa, wani abu na yi min yawo cikin jiki. A yi gwajin palu babu, a auna jini lafiya lau, a rubuta parasetamol ta tahi, bayan sati biyu ga ta ta dawo da kukan nan dai. In kun ga fuska ɗaya ta dawo karo na uku da ciwon da gwaji bai nuna ba, don Allah majo ku aje biro ku tambaye ta barci, ku tambaye ta gida. Ciwon da take ji gaskiya ne ba ƙarya take ba, kar a ce mata "ba ki da komi", wannan kalma ita ke korar su zuwa wajen masu tallan ƙwaya.

Akwai waɗanda nike so a ƙara sa ma ido. Na farko ƙananan matan aure, UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na ɗiya mata a Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma jiharmu na cikin na gaba. Yarinya ƴar 16 da goyo, an raba ta da ƙawaye, ga uwar miji ga kishiya, in ta kawo jariri awo kowa jaririn yake dubawa ba mai ce mata ke fa ya kike. Damuwar bayan haihuwa ciwo ne sananne, ungozoma ita ta fi kowa damar gano shi. Na biyu yaran da sunka tsero ma ƴan bindiga, tun 2019 dubban mutane sun ƙetaro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji da Madarunfa, ga namu na ƙauyukan bakin iyaka da abin ya shafa. Yaron da ya ga an kashe mutum gabanshi zai iya zabura in ya ji ƙarar moto, ya riƙa mugun mafarki, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya girma. Kar a tilasta mishi ba da labarin abin da ya gani, in ya so zai faɗa da kanshi.

To na zaunar da shi, mi zan ce?

Kaɗan za ku ce, shi zai yi magana. Ku samu wuri da ba a jin ku amma ana ganinku, balle in mushe ne da ɗaliba, ƙofa a buɗe ko a kira wata madam ta zauna, wannan kariya ce gare ku duka. Ku kife waya. Ku fara da abin da idonku ya gani ba da zargi ba: "Ɗana, kwanakin nan na ga ka yi shiru, ba haka na san ka ba, lafiya dai?" Zai ce lafiya lau mushe, kusan kowa haka yake cewa karon farko. Kar ku matsa, ku ce to duk ranar da kake son magana ina nan, kuma bayan kwana biyu ku sake taɓa shi. In ya fara magana ya yi shiru tsakiya ku bar shirun, kar ku cike shi da nasiha.

Abin da ya fi ɓata zance shi ne saurin wa'azi. "Kai da kake ci kake sha mi ke damunka", "mu zamaninmu", "wasu sun fi ka wahala", "rashin tawakkali ne". Duk wanda ya ji haka ya rufe baki ke nan. Baƙin ciki bai nuna raunin imani, Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗanshi har idanunshi sunka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib sunka rasu har yau shekarar baƙin ciki ake ce mata a tarihin Manzon Allah (SAW). Bayan kun saurara sai ku tambaye shi cikin abubuwan nan wanne ya fi tsaya maka a rai, ku kama wannan guda ku nemi ƙaramin mataki tare, ko maganar kuɗɗin jarrabawa ce, ko wani ke cin zalin shi a aji, ko faɗuwa BEPC ce ta sa yake jin ya zama abin kunya a gida.

In ina tsoron zai kashe kanshi, tambaya ba za ta sa mishi tunanin ba?

Ba za ta sa ba, an bincika wannan sosai, tambaya ba ta shuka tunanin, sauƙi ma take kawowa don ya samu wanda bai gudu ba. Ku tambaya a fili cikin taushi: "Ka taɓa jin gara ma ka mutu? Ka taɓa tunanin yi ma kanka wani abu?" Kuma kar a raina kalma irin "na gaji da duniya" ko "kun kusa hutawa da ni", ko da a status na WhatsApp anka gan ta. Fiye da mutum dubu 700 ke kashe kansu kowace shekara a duniya, kuma abin na cikin manyan sanadin mutuwar masu shekara 15 zuwa 29. In ya ce e, balle in har ya shirya yadda zai yi, kar a bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci, a kira babba cikin danginshi da ya yarda da shi, a kwashe maganin ƙwari na gona da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunshi ke kaiwa, a kai shi likita ranar. In ya riga ya sha wani abu kar a ɗura mishi nono ko mai, kar a sa shi amai, a ruga da shi likita tare da kwalbar abin da ya sha.

In faɗa ma iyaye ko in rufe?

Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Sirrin ɗalibi bai kamata ya zama hirar ɗakin malamai ba, yaro guda ya ji an fallasa shi duk lakwal ta bar yarda da ku. Amma tun farko ku gaya mishi gaskiya, maganarka tsakaninmu take sai fa in ranka ko na wani shina cikin haɗari, ko ana cutar da kai, nan dole in nemi taimako kuma da saninka zan yi. In za a je ga iyaye a bar shi ya zaɓi wa za a fara gaya ma, wani lokaci kawu ko gwaggo ko kaka sun fi uba sauƙin kai. In kuma mai cutarwar a gidan yake to ba gidan za a fara kai maganar ba, a nemi ma'aikatan kare haƙƙin yara.

Iyaye sun ce aljanu ne, sun tahi ruƙiyya. In yi gardama da su?

A'a, gardama ba ta kawo yaro likita. Ku ce musu a ci gaba da addu'a a haɗa da magani, ai hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da za ku tsaya kai da fata ku hana shi ne duka, ɗaure mutum da mari, turara hayaƙi mai shaƙe numfashi, ko hana shi maganin da likita ya rubuta. Malamanmu na addini su ne ƙofar farko da mutane ke ƙwanƙwasawa, malamin da ya san ya ce "wannan ku kai shi likita ma" wallahi ya ceci rai.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su iya daina faɗuwa in suna shan magani daidai. In ɗalibi ya faɗi a kawar da benci, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kai, kar a cusa cokali ko wani abu a baki, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe, in ta wuce minti 5 sai likita. Faɗuwar ɗalibai mata a jere kuwa, wadda ake ce ma génie tchatcheur, abin da ke ƙara mata wuta shi ne taron ƴan kallo da ihu, a janye wadda ta faɗi zuwa wuri mai shiru, a sallami sauran, daga baya a zauna da ita a ji abin da ke ranta.

Masu tramol fa?

Kora daga lakwal ba ta raba yaro da ƙwaya, tana miƙa shi ne ga masu saida ta. Ku tambayi mi take yi mishi, wani don ya jure aikin gona ko kabu-kabu yake sha, wani don ya manta. Tramol mai yawa na kawo jijjiga kamar farfaɗiya kuma tana iya danne numfashi, wanda ya saba kuma in ya tsaya rana ɗaya zai sha ciwon jiki da zufa da zawo da rashin barci, don haka a hannun likita ake rage ta sannu-sannu.

Yaushe abin ya fi ƙarfina?

In akwai zancen kashe kai, in shina jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, in ya bar ci da sha, ko kun yi makonni kuna ƙoƙari ba sauƙi. Ruɗewa da zazzaɓi tare kuwa a fara tunanin palu mai taɓa kai ko sanƙarau, wannan gaggawa ce. Hanya ita ce CSI, daga nan likitar gunduma, sannan manyan likitocin cikin Maradi. Ku rubuta ƴar takarda da abin da kunka gani, kuma ku bi sawu ku ji ko sun je. Ƴan uwana ma'aikatan lafiya, a bar rubuta diyazefam ga duk matashin da ya ce bai barci, jiki na sabawa da shi kuma bai taɓa tushen ciwon.

Mu fa, wa ke duba mu?

Wagga tambaya ta fi taɓa ni. Mushe mai aji cike maƙil, ɗan kontiragi da ke jiran albashi, infirmiya da ta kwana gardi ta wayi gari ga layi har bakin ƙofa, sannan a ce su ɗauki kukan wasu, dole su gaji. In kun ga kun fara jin haushin duk mai kawo muku kuka, ko labarin wani yaro ya hana ku barci, to ku ma nauyin ya kai muku. Kar mutum guda ya zama shi kaɗai ke ɗauka a lakwal ko CSI, ku zama biyu ko uku, sau ɗaya a wata ku zauna ku tattauna matsalolin da sunka fi wuya ba tare da kiran suna ba. Direktoci da majo-majo, ku ware ma wannan zama lokaci cikin awannin aiki, ku nema ma mutanenku horo na mhGAP ko na agajin farko na kwantar da hankali, kuma ku manna lambar ma'aikacin lafiyar da za a kira a bangon ofis inda kowa zai gani.